Rakiyar Ike Neman Aure a Tsohon Jirgin Inugu

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ja benci ya zauna. "Malam Bukar, yaya ƙasar Ibo? Wai da gaske a jirgin ƙasa kuka je? Ashe tsohon jirgin nan yana da rai?" Na ba da labari har muryata ta dishe, kuma na lura duk wanda ya fita da shi sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a wurin mai shayi na ji wai an ɗaure ni a Makurɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da taka kekena.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Fagge. Nan aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo daga Barno, ya bar mana suna da son turare, ya tafi da yaren kabarinsa. Ike kuwa mai gyaran keken ɗinki ne a Sabon Gari, shi ma a Kano aka yanke masa cibiya. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan duk keken da ya yi mini gardama wurinsa nake kaiwa, tun muna ciniki har muka koma cin tuwo a kwano ɗaya. Hausar Ike ta fi tawa karin magana. Yaren iyayensa kuwa, in ya fara yi, mahaifiyarsa takan runtse ido kamar mai ciwon haƙori.

Ike ya haura arba'in bai yi aure ba, har mun gaji da yi masa tsiya mun bar shi. Sai ga Nkechi, wata 'yar kasuwa mai hankali da ke zuwa daga Inugu sarin atamfa. Suka daidaita. Matsalar ɗaya ce. Mahaifinta ya rasu, magana tana hannun yayan mahaifin, wani dattijo da ake kira Mazi Okeke, shi kuwa ya ce zuwa sari daban, zama daban, babu 'yar gidansu da za a kai ta zauna a Kano. Shekara biyu ana lallashi. Daga ƙarshe ya ce to, ranar Asabar bayan azahar Ike ya zo ƙauye, ya zo da mutanen da yake zaune da su a can ya gan su da idonsa. In ya gamsu, shi ke nan. In bai gamsu ba, ko aka saɓa ranar, kada a sake tayar masa da zancen. Mahaifin Ike ya daɗe da rasuwa, danginsa sun warwatsu. Da aka duba mutanen da yake zaune da su, sai aka ga ni ne.

Ni da Ike mota muka so shiga, kwana ɗaya mu isa. Mama, mahaifiyarsa, ta ce atafau. Mijinta shekara talatin ya yi yana gyaran kan jirgi a Loko, ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, ita kuma ba ta yarda da duk abin da ke tafiya a kan roba ba.

"A jirgin nan aka kawo ni Kano ina amarya," in ji ta. "A cikinsa zan je in ɗauko amarya. Wanda yake sauri ya yi gaba, ya gaishe su."

Ba sabon jirgin nan mai sanyi take nufi ba, wanda ake ɗaukar hoto a ciki. Tsohon take nufi, na ƙaramin layi, wanda ke fita Kano ya bi Kaduna da Kafanchan ya gangara har Fatakwal. Muka sayi tikitin ranar Alhamis. Matata Falmata ta cika mini jaka da dambun nama da soyayyar kaza, don ta ce ba ta san abin da ake yankawa a can ba. Ni kuma na yi wata dabara a ɓoye. Na je kasuwar goro ta Mariri na zaɓo farin goro daushe ƙwarya biyu, aka naɗe mini shi a ganye. Na ce a raina, wa ya taɓa zuwa neman aure babu goro? Ike bai san al'ada ba, bari in fitar da shi kunya.

An ce ƙarfe tara za a tashi, mun isa tasha tun bakwai. Sai da muka yi azahar a bakin layi sannan aka busa usur. Na yi ƙorafi, Mama ta ce jirgi ba ya makara, mutane ne ke yin sammako.

Tafiyarsa irin ta tsohon keke mai ƙafa ce, yana ƙara yana rangaji hagu da dama, amma yana cin zare. Kujerun suna fuskantar juna, gwiwarka tana gaisawa da ta wanda ke gabanka ko kuna so ko ba kwa so. Bayan mun wuce Chalawa wata akuya ta jera da taragonmu, ta raka mu wani ɗan lokaci, ta gaji da jiranmu ta yi gaba. Ike ya dubi agogo. Wannan shi ne karo na farko, ban ci gaba da ƙirgawa ba.

Mama kuwa ta zama sarauniya. Ta san kowace tasha da abin da ya kamata a saya a cikinta, da abin da in ka saya za ka yi da-na-sani. Tsakanin tasha da tasha kuma sai ta buɗe mini makaranta. Ta koya mini gaisuwa da yarensu. Ta ce kada in zauna sai an nuna mini kujera, kada in yi magana kafin manya, kada in ƙi abinci gaba ɗaya ko da ɗanɗanawa ce. Ina ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Sai maganar goro. In an kawo goro..."

Na ɗaga mata hannu. "Haba Mama! Goro za ki koya wa ɗan Fagge? Tun ban yi haƙorin girma ba nake tauna shi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To, ɗana, tunda ka sani." Ta juya ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Ku riƙe wannan wurin, don a nan na yanka wa kaina rigar da ta shaƙe ni.

A Zariya wani dogon Bafulatani ya shigo da sanda da buta, ya zauna kusa da ni. Jauro sunansa, zai je Lafiya duba shanu. Yana jin Mama ta kira ni Bukar sai ya washe baki.

"A'a! Ashe da bawana a jirgin nan. Babarbare, tashi ka riƙe wa ubangidanka buta."

Na ce, "Wa ya bar Bafulatani ya shiga cikin mutane? Taragon dabbobi yana baya."

Shi ke nan muka ƙulla, wasan da kakanninmu suka bar mana. Amma shi ya ci ni. Da la'asar na faki ido na buɗe jaka don in yayyafa wa goro ruwa kada zafi ya busar da shi, ashe idon Jauro yana kaina. Ya leƙa, ya miƙe tsaye, ya buga sanda a ƙasa.

"Jama'a, ku zo ku ga hankalin Barebari! Goro daga kudu jirgin nan yake ɗauko shi ya kai Kano. Shi kuma ya saya da tsada, ya biya masa kuɗin komawa gida ganin dangi!"

Tarago ya kwashe da dariya, har da waɗanda sai da aka fassara musu. Ike ya riƙe kai. Mama ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta tuna na ce na sani, ta rufe. Daga nan kuma hannaye suka fara miƙowa, kun san goro ba a hana shi. Jauro ya naɗa kansa mai rabo, yana ba kowa yana cewa a yi wa bawansa addu'ar samun basira.

Mun shiga Kaduna da magariba. A nan Mama ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta mai da shi taswira. Ta bi wata jijiya da farce ta ce wannan layin Ikko ne, ya bi Minna ya haye kogin Kwara a Jaba. Ta bi wata ta ce wannan namu ne. Ta nuna inda ta rabu biyu ta ce nan Kafanchan, reshe ɗaya ya gangara ƙasarsu, ɗaya ya hau Bauci da Gombe har Maiduguri.

"Garinku ke nan da ba ka taɓa zuwa ba," ta ce. "Kai da Ike duk jirgi ɗaya ya zubar da ku."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Dare kuwa ba ni da labarinsa, na naɗe kai da rawani na yi barci a zaune.

Gari ya waye mana a Kafanchan, ga sanyi ga ƙamshin citta ko'ina. Masu talla suka yanyame tagogi. Abin da na lura da shi ke nan a tafiyar nan, ba ka bukatar allo ya faɗa maka ka canza ƙasa, kwandon da aka ɗago maka ta taga zai faɗa. Mun baro rake da fura, mun shigo citta da ayaba, gaba kuma doya ce kamar cinyar ɗan dambe.

Da hantsi muka tsaya a wata 'yar tasha da ko sunanta ban riƙe ba, ɗaki ɗaya da bishiyar mangwaro. Aka kashe inji. Na tambaya ko lalacewa ya yi, Mama ta ce lafiyarsa ƙalau. Layin ɗaya ne tak, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, saboda haka in wani jirgin ya taso daga gaba, dole ɗaya ya raɓe a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Namu ne ya raɓe. Na ce yaushe wancan zai iso? Ta ce in ya iso za mu ji shi.

Mutane suka sauka kamar an zo gida. Wasu mata suka haɗa murhu da duwatsu. Wasu suka shanya wanki a kan ciyawa. Mu muka yi sahu a gindin mangwaro muka yi salla, Jauro ya ja mu, na ce masa wannan sallar sai na rama ta don ban yarda da alwalar makiyayi ba. Can gefe masu coci suka kafa waƙa da tafi. Mama ta sayi doya ta sa aka gasa, ta fito da manja da gishiri daga jakarta, muka ci har da mai kula da tashar.

Zaman ya ishe ni, hannuna yana ƙaiƙayin aiki. Tela ba ya rabuwa da tef, sai na zaro nawa na tsuguna a gaban kan jirgi na auna tsakanin ƙarfen nan biyu. Inci arba'in da biyu. Na sake aunawa don ban yarda ba. Jama'a, ina da kwastoma a Kasuwar Singa, ba zan faɗi suna ba ya san kansa, wanda ƙugunsa ya fi haka da inci huɗu. A kan abin da bai kai wandon Alhaji faɗi ba aka ɗora mu, mu da buhunan masara da awaki, ake ratsa ƙasa da mu daga wannan kai zuwa wancan. Na faɗa wa Mama, ta ce ai shi ya sa yake tafiya a hankali, ya san abin da ya taka.

Ike bai ci doyar ba. Awa uku, awa huɗu, yana ta zagaya mangwaro da waya a hannu babu sabis. Can ya zo ya tsaya a kan Mama ya ce akwai titi bayan gonakin can, mu sauke kaya mu nemi mota. Ta ce ba inda za ta. Ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi mata ba, suka koma yarensu, shi yana tuntuɓe ita tana zuba. Na ja shi gefe.

"Bukar," ya ce, "kai kana ganin wasa ne. Rana ɗaya mutumin nan ya ba ni. In na rasa yarinyar nan na gama, ba zan sake nema ba. Na gaji da komawa ɗaki in tarar da shi yadda na bar shi."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar dariyar da nake ta yi tun Kano. Shekara ashirin ina zolayarsa da tuzuru, ban taɓa tambayarsa yadda yake kwana ba. Na ce ya zo ya ci doya. Muna nan tsaye ƙarfen layi ya fara rawa, can sai ga mai zuwa Kano ya ɓullo yana huci, fasinjojinsa suna ɗago mana hannu kamar sun yi mana alheri.

Jauro ya sauka a Lafiya. Ya zagayo ta taga ya miƙo mini ɗan goran man shanu, ya ce sadaka ce, in shafa a kai ko ƙwaƙwalwa ta yi laushi. Na ce Allah ya raba shi da bin saniya. Har jirgi ya ja yana tsaye yana ɗaga sanda, kuma na ji ba daɗi da rabuwar.

Rana tana faɗuwa muka hau gadar Makurɗi. Ni dai ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma daga nesa. Na leƙa taga ban ga ƙasa ba, ban ga ƙarfe ba, sai Binuwai shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ga jirgi yana rangajinsa bai fasa ba. Inci arba'in da biyun nan suka dawo mini. Da ban auna ba da ya fi mini. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Mama kuwa ta leƙa tana nuna mini masu kamun kifi. Wannan ce kaɗai ɗaurewar da aka yi mini a Makurɗi, cikina ne ya ɗaure.

Daga ƙetaren gada abubuwa suka sake. Huluna suka yi ta sauka tasha bayan tasha, har aka wayi gari Asabar tawa ce kaɗai a taragon. Masu talla suka daina ce mini Malam suka koma Alhaji da Aboki. A nan na fara sanin yadda Ike yake ji in an taru a gidan suna a Fagge ana ta kallon wandonsa.

Mun shiga Inugu da hantsi, saura 'yan awoyi. Nkechi tana bakin tasha ta kusa cinye gefen gyalenta. Ta kai mu wani masauki kusa, ɗaki ɗaya da bokiti biyu, muka yi wanka bi da bi. Ta kawo mana wani abu a ganyen ayaba wai shi okpa. Na yi ta juya shi ina neman inda aka ɓoye nama, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Malam, ci, gurjiya ce kawai da manja." Alala ce ta je makaranta, na ci uku. Na karɓi rigar Ike na goge masa da kaina, don ban yarda wani ya taɓa ɗinkina ba. Ƙauyen babu layin dogo, dole Mama ta shiga mota, ta rufe ido tun daga tasha har ƙofar gidan.

Mun isa ana kiran azahar a agogona, don can babu mai kira. Falo ne babba, maza kusan goma sha biyu sun jeru, mata suna leƙe daga ƙofa. Mazi Okeke yana tsakiya, siriri, da jar hula da sandar ƙarfe, fuskarsa kamar an ce masa an fasa biyan fansho. Na yi gaisuwar da aka koya mini, ban zauna ba sai da aka nuna mini kujera. Mama ta gyaɗa kai daga wurin mata. Na ce a raina, ashe abin ba wuya.

Sai aka fito da ɗan akushi da goro huɗu a ciki. Dattijon ya taɓa, ya yi magana, aka miƙo wa ɓangarenmu. Da yake ni ne babba a mazan baƙi, ni aka fara ba. Na duba, hannun ruwa ne, irin mai yauƙin nan da a Kano ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Amma baƙo ba ya raina abin da aka ba shi. Na zaɓi babban, na yi bisimilla, na gantsara.

Falon ya yi tsit, har ina jin ƙarar haƙorina. Wata mata a bakin ƙofa ta ɗora hannu biyu a ka. Na dubi Ike, na ga fuskarsa ta zama toka.

Abin da Mama ta so faɗa mini a jirgi ke nan. A wurinsu goron nan ba na ci ba ne tukuna. Nuna maka ake yi. Ka taɓa, ka miƙa wa na kusa, ya zagaya kowa ya gani, ya koma hannun mai gida. Shi zai ɗaga shi ya yi addu'a ga masu rai da waɗanda suka riga mu, ya fasa da hannunsa, sannan a buɗe zancen da ya tara mutane. Kafin haka ba a fara komai ba. Wato ni na zo neman aure, na cinye bisimillar taron.

Hayaniya ta ɓarke. Wani mai ƙaton ciki ya miƙe yana nuna ni yana nuna ƙofa. Ga goro a bakina, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah ya so ya ƙara masa. Na jawo jaka, na kwance ganye, na juye abin da Jauro ya rage mini a cikin akushin, fari tas, na ce wa Ike, "Faɗa musu na biya, har da riba." Ike bai fassara ba. Ashe namu mai ɓari biyu ba ya shiga wannan sha'ani ko kusa, na taunawa ne a hanya. Mai ƙaton ciki ya zauna don dariya ta ci ƙarfinsa, wasu kuma suka ƙara hasala.

Mazi Okeke ya jawo akushin gabansa. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa, ya juya shi, ya kai hanci. Sannan ya dube ni ya ce, "Wannan daushe ne. Malam, taso mu je waje."

Da Hausa ya faɗa. Ba Hausar kasuwa ba, Hausar Kano tsantsa, irin ta tsofaffin da suka yi zamani da sule da taro. Na ga 'ya'yan gidan suna kallon juna.

Muka zauna a kan wani benci a bayan gida, na samu na tofar da abin da ke bakina. Ya daɗe yana murza goron a hannu.

"A Sabon Gari aka haife ni," ya ce. "Ubana akawu ne a tashar jirgi. Ina da shekara goma sha biyar aka yi tashin hankalin nan, kafin yaƙin basasa. Layin da ya kawo ku shi ya fito da ni, a taragon kaya, ni da uwata da ƙanena, uban Nkechi, yana goye. Ubana ya ce mu yi gaba zai biyo jirgi na gaba." Ya dubi goron da ke hannunsa. "Na daɗe ina zuwa tasha."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ban ƙi yaron nan ba. Kai ma na ga ba ka da munafunci, mai munafunci ba ya cin goron mutane a gabansu. Tambaya ɗaya gare ni. In rana ta ɓaci, Allah ya kiyaye, shi yana shago ita tana gida, ƙofar wa za ta buga?"

Na ce, "Tawa, Baba."

"Ina take?"

Na kwatanta masa tun daga bakin Sabon Gari, in ta tsallaka titi ta shiga Fagge, ta bi layin teloli, lungu na biyu. Yana gyaɗa kai, har ya tambaye ni wata rijiya da aka cike tun ina yaro.

"In ba ka nan wa zai buɗe?"

"Matata."

"Ta san ka yi wannan alkawari?"

Na ce a'a.

"To ba ka yi komai ba tukuna. Namiji yana alkawari a waje, mace ce ke da sakata. Kira ta."

Na kira Falmata a waya na buɗe murya, ban san da wace ƙafa ta tashi ba. Ta ɗauka tana cewa, "Baban Zara, sai yanzu ka tuna da mutane?" Dattijon ya karɓi wayar.

"Hajiya, ni ne uban Nkechi. In gari ya rikice, 'yata ta zo ta buga miki ƙofa, mijinki ba ya nan, za ki buɗe?"

Na ji ƙarar ludayi a tukunya, sannan muryar Falmata.

"Baba, ina wuni. Buga ƙofa kuma, sai ka ce baƙuwa? Ai mukulli zan yanka mata. Ƙofar nan tamu ko da taɓarya aka buga ba a ji daga ciki. Shekara nawa ina ce wa Baban Zara ya sa ƙararrawa, kullum sai ya ce gobe."

Mazi Okeke ya fara dariya, ya yi ta yi har sandarsa ta faɗi, daga nan kuma na ga ba dariya ba ce. Na kau da kai na bar shi ya share fuska da hularsa. Da ya nutsu ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka sa mata ƙararrawar."

Muka koma ciki. Ya sa aka kawo wani sabon goro, aka zagaya da shi ta gabana da sauri kamar ana wucewa da nama ta gaban kyanwa. Ya yi addu'a mai tsawo da yarensu, ya fasa, aka buɗe magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga lokacin da mata suka saki guɗa irin tasu, na ga Ike ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Aka kamo zakara aka ba ni wuƙa na yanka da hannuna don in ci hankali kwance. An sa biki bayan damina.

Mun dawo ta hanyar da muka je, kwana biyu da wuni, Ike bai dubi agogo ko sau ɗaya ba. Na shiga gida na tarar Falmata ta riga ta je bakin kasuwa an yanko mukullin, ta ɗaura masa jan zare ta rataye a ƙusa. Makon jiya Nkechi ta zo sari, ta biyo gaishe mu, Falmata ta ciro shi ta danƙa mata ba tare da wani jawabi ba, ta ce ta zauna ga tuwo. Ina kallo ta jefa shi can ƙasan jakarta.

Kullum na idar da salla ina roƙon Allah ya sa ya yi tsatsa a wurin.